Ramin Gafiya a Tsakar Ɗaki

A wani ɗaki a Shikago ko a Hambog, cikin watan Janairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe tituna, kana iya tarar da wani dogon akwati ajiye a jikin bango. Fitila na ci a cikinsa. Ga kwanon ruwa, ga rassan itace an gicciya, ga baƙar ƙasa mai danshi an shimfiɗa. Ka leƙa, ka sake leƙawa, ba za ka ga abin da ke motsi ba, domin babu kowa a ciki. Duk da haka, safe da yamma mai ɗakin zai zo ya durƙusa, ya duba ma'aunin zafi na gefen dama, ya duba na hagu, ya rubuta a ɗan littafi, ya ɗan murɗa maɓalli, ya tsiyaya ruwa a kusurwa. Cikin tsakar dare ma yakan farka ya haska tocila don ya ga yadda sanyin asuba ke yi da akwatin. Mako guda yake wannan hidima, wani ma har biyu, kafin baƙuwar da ake yi wa shimfiɗar ta iso. Baƙuwar kuwa mesa ce.

Na san yadda zancen zai sauka a kunnen Bahaushe. Mu a wurinmu da an ce maciji, abin da ke biyo baya shi ne "a kawo sanda". Kuma muna da hujja. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji a Kaltungo lokacin girbi, ya ga manoman da kububuwa ta kwantar, ba zai ce tsoronmu wauta ba ne. Labarin kafuwar Hausa Bakwai ma da kisan macijiya ya soma, a bakin rijiyar Kusugu. To amma wannan da nake magana a kanta ba ta da dafi ko ɗigo, kuma daga yankinmu ta fito. Tun daga Senegal, ta bi ta Ghana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru, har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda, a nan Allah ya ajiye ta, a cikin ciyayi da gonaki da bakin kurmi.

Wani masanin dabbobi Bature, George Shaw, shi ya fara raɗa mata sunan kimiyya a 1802, kuma sunanta a littattafai yanzu shi ne Python regius. A Ingila sunan da suke kiranta da shi ma'anarsa mesar sarauta. A Amurka kuwa mesar ƙwallo suke cewa, kuma su ne suka fi kama halinta. In ta tsorata ba ta fasa kai, ba kasafai take kai sara ba. Sai ta cusa kanta a tsakiyar jikinta, ta naɗe, ta dunƙule kamar curin fura, ta yi lamo har abin tsoron ya wuce. Tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 90 da 150, mata sun fi maza kauri da tsawo. Jikinta baƙi-baƙi ne mai zanen ruwan ƙasa da ruwan zinariya, cikinta fari. A garin Wida na Jamhuriyar Benin akwai ɗakin bauta da ake ajiye irinta da yawa, kuma a ƙasar Idemili ta Jihar Anambra ba a kashe ta, ko ta shiga ɗaki sai dai a lallaɓa ta a fitar. Wanda ya karanta Arrow of God na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1964, zai tuna yadda Oduche, ɗan babban boka Ezeulu, ya kulle irin wannan mesa a akwatinsa don ta mutu, da irin ƙurar da hakan ya tayar a garin.

Shi wannan yaro ya san abin da yake yi: akwati yana kashe maciji. Gwanintar da nake yabo ita ce ta mutumin da ya iya haɗa akwatin da ke rayar da shi. Abin da ya sa aikin ke da wuya shi ne dabbar ba ta kuka. Akuya in ta ji yunwa duk unguwa za ta sani. Kyanwa in tana jin sanyi za ta hau cinyarka. Kaza ma in ba ta da lafiya za ka gan ta ta sauke fukafukai ta rakuɓe. Mesa kuwa shiru take in tana cikin daɗi, shiru take in tana cikin azaba. Kuskuren da ka yi mata yau sai bayan makonni zai bayyana, a numfashinta ko a fatar cikinta, lokacin da ya riga ya yi nisa. Saboda haka mai kiwonta ba ya jiran ta gaya masa. Shi zai auna, shi zai gyara, tun ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me yake kwaikwayo a cikin akwatin nan? Ramin gafiya. A daji wannan mesa tana wuni ne a ramukan da ɓeraye da gafiyoyi suka tona suka bari, ko a cikin tsohon suri, sai magariba ta yi ta fito nema. Duk wanda ya taɓa tura hannu a rami mai zurfi da rani ya san a ƙasa akwai wata duniya dabam. A sama ƙasa na ƙona tafin ƙafa, a ciki kuwa da sanyi-sanyi da laima, kuma dare da rana ba su cika bambanta ba. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mu, daga waje yake aro. In yana son ɗumi sai ya matso bakin rami, in ya ishe shi ya koma ciki. Da wannan kai-komo yake narkar da abinci, da shi jikinsa ke yaƙar cuta. Don haka ba a ba shi zafi iri ɗaya ko'ina. Zaɓi ake ba shi.

Gwani yakan raba akwatin gida biyu. A gefe ɗaya ya sa abin ɗumama, fitilar zafi a sama ko shimfiɗar lantarki, har wurin ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas. Ɗaya gefen ya bar shi tsakanin 24 da 27. Tsakaninsu zafin na sauka sannu a hankali, mesa ta zaɓi inda ya yi mata. Amma abin da ke raba wanda ya sani da wanda ya ji labari shi ne wata 'yar na'ura mai daidaita zafi, wadda ake haɗa abin ɗumamar da ita. Tana da wata siririyar waya mai jin zafi a bakinta. In wurin ya kai adadin da aka saita sai ta rage wuta, in ya sauka ta ƙara. Mai sani ba ya kunna ko fitila ɗaya ba tare da ita ba. Dalili kuwa mai ban tausayi ne: maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har fatar cikinsa ta ƙone bai janye ba. Likitocin dabbobi sun sha ganin irin wannan ƙuna, musamman daga wani dutsen roba mai lantarki da ake sayarwa a shagunan dabbobi, wanda masu kiwo na ƙwarai suka daɗe da yin watsi da shi. Fitilar ma keji ake yi mata na waya, don kada mesa ta hau ta naɗe ta. Sannan ba a yarda da ma'auni ɗaya. Akwai na kowane gefe, akwai kuma wani mai kamar 'yar bindiga da ake nuna wa ƙasa ya faɗi zafin daidai inda cikinta zai kwanta.

Bayan zafi sai danshin iska, kuma a nan sababbin shiga suka fi faɗuwa. Ana so ya tsaya wajen kashi 60 cikin 100 ko sama da haka kaɗan, ya haura zuwa 70 ko 80 lokacin saɓa. Gidajen ƙasashen sanyi kuwa in an kunna abin ɗumama ɗaki iskarsu bushewa take kamar ta hunturu. Akwatin gilashi mai murfin raga, irin na kifi, shi mutane suka fi saya saboda kyau da araha, amma duk laimar ta saman take tserewa. Masu gogewa sun fi son na roba mai kauri, mai ƙofar gilashi ta gaba da 'yan ƙofofin iska a gefe. A ƙasa sukan zuba ɓawon kwakwa da aka daddatsa, da kauri kamar faɗin tafin hannu, su guji diddigar itatuwa masu mai da ƙamshi mai ƙarfi irin su fain da sida, saboda suna cutar da numfashin maciji. Ga dabarar da ta fi burge ni: ba sa fesa ruwa a saman shimfiɗar, sai su tsiyaya shi a kusurwa ya gangara ƙasa. Ƙarƙashi ya jiƙe yana tashi da laima a hankali, sama ya zauna a bushe. In mesa ta daɗe tana kwanciya a kan jiƙaƙƙen wuri fatar cikinta takan yi ƙuraje ta ruɓe. Iska mai danshi, shimfiɗa busasshiya. Duk manomin da ya san bambancin ƙasar da ta sha ruwa da wadda ta yi caɓi zai gane hikimar.

Sai maɓoya. Aƙalla biyu ake sawa, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, kuma iri ɗaya, domin in ɗaya ta fi ɗaya daɗin ɓuya mesa za ta liƙe a cikinta ko da zafin wurin bai dace da ita ba. Tsaro ya fi mata ɗumi muhimmanci. Maɓoyar kuma ba babba ake so ba. Matsattsiya, mai ƙofa ɗaya, wadda in ta naɗe a ciki jikinta zai taɓa bango ta kowane gefe, bayanta ya taɓa rufi. Tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata 'yar ƙofa aka goge bakin, ta wadatar. Mu mutane fili muke so, shi ya sa sabon mai kiwo yakan sayo mata ƙaton kogo yana ganin ya kyauta, ita kuwa a ciki ji take kamar an ajiye ta a tsakiyar kasuwa.

A kan girman akwatin kansa akwai tsohuwar gardama tsakanin masu kiwo. Manyan masu hayayyafa don sayarwa sukan ajiye macizai ɗaruruwa a cikin robobi masu kamar aljihun tebur, an jera su bene-bene, kowace da kwanon ruwa kawai. Hujjarsu ita ce dabbar rami ce, duhu da matsi take so, kuma a haka tana ci tana haihuwa. Ni dai ina tare da ɗaya ɓangaren. A 1998 wasu masana biyu 'yan Italiya, Luca Luiselli da Francesco Angelici, sun wallafa binciken da suka yi a kudu maso gabashin Nijeriya kan abin da waɗannan mesoshi ke ci a daji. Sun tarar mazan tsuntsaye suka fi ci, matan kuma dabbobi irin su ɓera, kuma mazan sun fi hawa bishiya. Dabbar da ke hawa reshe da dare ta kamo tsuntsu, bai kamata a ce duk rayuwarta ta ƙare a aljihun tebur ba. Abin da masu kula da yawa suke bi yanzu shi ne akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60 ga babbar mesa, wato inda za ta iya miƙewa sosai. Sai a cika shi da rassa masu ƙwari da ganyaye da ɓawon itace, yadda za ta iya tashi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji a sarari take ba. Fili a ba ta, amma a rufa mata asiri.

Ƙofa kuma da makulli. Mesa ƙarfi gare ta fiye da yadda ake zato, kuma tana da daren Allah gaba ɗaya na bin kowace kusurwa da hanci tana turawa. Duk ramin da kanta ya shiga, sauran jiki zai bi. Salatif ko wani abu mai danƙo ba ya shiga cikin akwatin ko kaɗan, domin in ya manne mata da fata yake fita.

Sai gida ya zauna daidai kwana bakwai a jere sannan ake maganar inda za a samo ta. Shekara da shekaru Togo da Benin da Ghana su ne manyan masu fitar da wannan mesa zuwa Amurka da Turai, kuma waɗanda aka fitar sun kai miliyoyi. Da rani mafarauta kan tona ramuka su kwaso ƙwai da matan da ke ɗauke da ƙwai, a ƙyanƙyashe a gonakin macizai irin na Lome, a zuba 'ya'yan a jirgi. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta wajabta takardar izini kafin a ƙetare iyaka da ita, kuma a 2021 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa ta a jerin dabbobin da suka kusa shiga barazana. Wadda aka kamo daga daji takan zo da kaska da tsutsar ciki da firgici, takan kuma ƙi cin abinci. Mai hankali yana neman wadda aka haifa a hannu, wurin mai kiwon da zai iya amsa tambaya. Yaushe aka ƙyanƙyashe ta? Me take ci, ɓera mai rai ko daskararre? Sau nawa ta ci a jere? Yaushe ta yi saɓar ƙarshe? Mai sayarwar da ya fara kame-kame a kan waɗannan, a bar masa kayansa. Sannan a karɓe ta a hannu a duba. Harshe ya riƙa fitowa akai-akai. Baki a rufe ruf, babu kumfa, babu yauƙi. A kara kunne: numfashi mai fito ko ƙara alamar ciwon huhu ne. A duba ƙarƙashin haɓa da kewayen ido ko akwai wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana kamar ƙuma, masu shan jini. Jiki ya kasance a cike, da ƙarfi in ta riƙe yatsa, ƙashin baya bai fito kamar bakin wuƙa ba.

Zai kuma ga launuka da za su ruɗe shi. Tun da Bob Clark ya samar da zabiyar farko a hannu a Amurka a 1992, masu kiwo suke ta haɗa iri, har yau akwai launi da zane dubbai, fari fat, rawaya kamar ayaba, mai dabbare-dabbare. A manyan kasuwannin macizai irin na Daytona a Amurka da na Hamm a Jamus, tebur bayan tebur su ne. Ba na ƙin kyau. Amma akwai wani iri mai zane kamar saƙar gizo-gizo wanda kyansa ke tafe da lalura: kansa na rawa, wani har ya riƙa juyewa, ya kai sara ya kuskure. Mutumin da ya san haka ya wuce teburin, ya sayi mai launin da Allah ya yi ta da shi a dajin Togo, ya ƙara daraja a idona.

Abinci ma tun kafin ta zo ake shirya shi, kuma a nan ne mutum zai yi wa kansa gaskiya. Mesa ba ta cin tsaki, ba ta cin yankan nama. Ɓera take ci, sukutum da gashinsa. Wanda zai kiwata sai ya yarda firizarsa ta zama ma'ajiyar ɓeraye, a cikin robarsu dabam mai murfi, kuma sai mutanen gida sun amince. Ɓerayen na kiwo ne da ake sayarwa a daskare, ba na kwata ba, domin na gida yana iya zuwa da cuta ko ya riga ya ci guba. Ba a son ba ta mai rai. Ɓeran da aka jefa wa macijin da ba ya jin yunwa yakan juya ya ci macijin, ya gaigaye masa baya har ƙashi, shi kuwa ya dunƙule kawai yana jira. Girman ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Jaririya, wadda nauyinta ranar ƙyanƙyasa ya yi kusan na ƙwan kaza, tana ci duk bayan kwana 5 zuwa 7. Babba kuwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya ishe ta, kuma ƙiba ta fi yunwa yi wa na gida illa.

Ka tsaya ka kalli gwani ranar ciyarwa. Tun jiya ya sauko da ɓeran daga firiza zuwa firji. Da magariba sai ya sa shi a leda ya ɗaure, ya tsoma a ruwan ɗumi har ya latsa cikin ya ji babu sauran ƙanƙara. Ya ƙara ɗumama kan fiye da sauran jiki. Yana da dalili: a leɓen mesa na sama akwai wasu 'yan ramuka a jere da take jin ɗumin jikin dabba da su ko a cikin baƙin duhu, kuma inda ya fi ɗumi nan za ta kai baki. Ya rage hasken ɗaki, ya kama ɓeran da dogon hantsaki, ba da yatsu ba, kada ɗumin hannunsa ya ruɗe ta. Ya kawo shi bakin maɓoya, ya ɗan girgiza. Da farko harshe ne kawai ke fitowa, yana ɗebo ƙamshi yana kai wa wata gaɓa da ke rufin bakinta. Sai kai ya leƙo. Wuya ya lanƙwashe ya ja baya. Kafin ka ƙifta ido ta cafke ta naɗe, kuma shi a take ya saki hantsakin ya ja da baya, ya rufe ƙofa a hankali. Bayan wani lokaci ta sassauta, ta lalubo hancin ɓeran, ta soma haɗiya ta kai. Muƙamuƙinta na ƙasa ɓari biyu ne da wata jijiya mai talewa ta haɗa, sai ta riƙa tura wannan ɓari gaba, sannan wancan, kamar mai sa matsattsiyar safa. Maƙogwaron numfashinta yakan turo gaba ta ƙasan baki don ta sha iska bakinta a cike. In ta gama ta yi wata doguwar hamma ta mai da muƙamuƙi wurinsa, ta nufi gefen ɗumi. Daga nan kwana biyu cur ba mai taɓa ta, don in aka dame ta tana iya amayar da abincin, kuma aman yana galabaitar da ita ƙwarai.

Wata rana kuma za a yi duk wannan ta kau da kai. Mako ya zagayo, ta sake ƙi. Wannan mesa ta yi suna wajen yajin cin abinci, musamman manyan maza a watannin sanyi, har wata uku ko fiye. Sabon shiga hankalinsa kan tashi, ya yi ta cusa mata ɓera kullum, ya ɗauke ta ya juya, ya ƙara firgita ta. Gwani sai ya ɗauko littafinsa da sikelin kicin. Ya sake bin zafi da danshi da maɓoya ɗaya bayan ɗaya. In duk suna daidai kuma nauyinta bai sauka sosai ba, ya ba ta kwana goma ko mako biyu kafin ya sake gwadawa. In ya ga ta zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko numfashi ya canza, sai wurin likita. Likitan ma tun kafin a sayo ta aka nemo shi, domin ba kowane likitan dabbobi ne ya san maciji ba.

Jarrabawar aikinsa duka tana fitowa ne ranar saɓa. Muna yara mukan tsinci saɓar maciji a gindin rumbu ko a jikin danga, fara shara-shara, iska na kaɗa ta, mu tsokane ta da kara daga nesa kamar za ta tashi. Ban san cewa takardar shaida ce ba sai daga baya. Kafin mesa ta yi saɓa launinta kan dushe, cikinta ya yi ja-ja, idanunta su yi hazo kamar an ɗiga musu madara. A kwanakin nan ba ta gani sosai, ba ta son taɓi, sau da yawa ba ta cin abinci. Sai idon ya washe, mutum ya zaci an fasa, ashe saura 'yan kwanaki. Ta goga hanci a jikin reshe har tsohuwar fatar ta tsage a leɓe, ta sulale ta fita ta bar ta a juye. Da safe mai kiwo zai ɗauko saɓar, ya warware ta a hankali a kan tebur. Yana neman abu biyu. Na ɗaya, ta fito guda, daga hanci har ƙarshen wutsiya. Na biyu, a wurin kai ya ga 'yan ƙwarya biyu masu sheƙi, domin maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani siririn murfi ne ke rufe da ƙwayar, kuma shi ma tare da saɓar yake fita. In ta fito a yayyage, ko murfin ido ya maƙale, ya san laima ta gaza a makonnin baya. Ba zai sa farce ya ɓanɓare ba. Zai gyara danshin, ya sa mata maɓoya mai jiƙaƙƙen gansakuka, ya bar ta ta ƙarasa da kanta.

Wanda ke Kano ko Damagaram ya ji sha'awar wannan kiwo, lissafinsa zai juye. Shi ba sanyi ne babban abokin gabarsa ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akwatin da ke ɗakin kwano ko kusa da taga yana iya zama tanda, kuma zafin da ya wuce kima ya fi sanyi saurin kisa. Da hunturu kuma danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20. Ga ɗaukewar wuta, wadda ke kashe na'urar zafi ta kuma narkar da abin da ke firiza. Abu ɗaya da zan roƙa da babbar murya: kada wani ya ga gajeren maciji mai kauri da zane a gona ya kai hannu yana cewa ai ita ce. Kasa ma gajeriya ce mai kauri da zane, ita ma lamo take yi, kuma dafinta na kisa ne. Ɗan babbar mesar nan tamu ta fadama shi ma yana kama da ita yana ƙarami, alhali zai iya wuce mita huɗu.

Akwai sauran abubuwan da mai shiri ke gamawa da su tun da wuri. Ya binciki dokar inda yake zaune, domin a Hawai an hana ajiye maciji gaba ɗaya, birnin New York ma ya hana mesa. Ya san macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko suna lafiya lau, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi wajibi ne, kwanonta ba ya zuwa wurin wanke-wanken abinci, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a nisanta yara 'yan ƙasa da shekara 5 daga irin waɗannan dabbobi. Sai kuma tambayar da ta fi duka nauyi, ta shekaru. Wannan mesa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannu. A 2020 wata da ke gidan namun daji na Sent Luwis a Amurka, wadda aka ƙiyasta shekarunta 62, ta saka ƙwai bakwai, alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Saurayin da ya sayi jaririya yau yana iya aurar da 'yarsa mesar na nan a kusurwar ɗaki. Masu kiwo na gaske sukan tanadi wanda zai karɓe ta in tafiya ta kama su ko rai ya yi halinsa.

Ranar da ta iso, cikin 'yar jakar yadi a akwatin da aka lulluɓe saboda sanyi, ba a kiran maƙwabta kallo. Mutumin nan da ya yi mako biyu yana hidimar gidan da ba kowa zai kwance bakin jakar, ya auna nauyinta ya rubuta, ya ajiye ta a bakin maɓoyar gefen ɗumi, ya rufe ƙofa. Wasu sukan shimfiɗa farar takarda a makonnin farko maimakon ɓawon kwakwa, don in akwai ƙwarin nan masu shan jini su nuna a kan fari. In yana da wasu macizan, ɗakinta dabam har wata biyu ko uku. Daga nan aikinsa canza ruwa ne da duba ma'auni. Ya kashe kuɗi, ya ƙosa ya riƙe ta, ga ta nan taku biyu daga gadonsa, amma zai bar ta mako guda ba taɓi, sannan ya gwada ba ta abinci, sannan ya jira ta ci sau biyu ko uku a jere.

Sai wata yamma ya wanke hannu, ya buɗe ƙofa. Ba ya zuwar mata ta sama kamar shaho, ba ya nufar kanta. Ya ɗan shafi gefen jikinta don ta san da shi, ya zura tafin hannu ƙarƙashin tsakiyarta ya ɗago. Nan take ta dunƙule, kai a ciki, jiki ya yi tauri kamar dutse. Ya zauna a kujera, ya ɗora ta a tafukansa biyu, bai motsa ba. Minti uku, minti biyar. Sai ya ji taurin na saki kaɗan-kaɗan a cikin hannunsa. Wani lanƙwashi ya zame. Daga tsakiyar curin hanci ya ɓullo, harshe ya fito ya taɓa iska, ya koma, ya sake fitowa ya taɓa wuyan hannunsa. Ta miƙa wuya a kan yatsunsa, wutsiya ta zagayo babban yatsa ta riƙe. Bayan minti goma ya mai da ita bakin maɓoya, ta sulale ciki, ya rufe ƙofa, ya ɗauko littafin ya rubuta kwanan wata.